Ƙofar Naɗi Ta Shago: Abin Da Ke Ɓoye A Cikin Akwatin Sama

Duk wanda ya saba bi ta kewayen Babbar Kasuwar Yamai da sassafe, ko ta titunan kasuwar Maraɗi da na Kasuwar Dole a Damagaram, ya san ƙarar ƙarfen nan da ke tashi bi da bi lokacin da ƴan kasuwa suke buɗe shagunansu. Ƙofar naɗi ke nan, wadda da yawa daga cikin masu walda na ƙasar nan suke kira rido, daga kalmar Faransanci mai nufin labule. A yau da wuya a gina sabon layin shaguna a bakin kwalta ba a sa masa irin wannan ƙofa ba, kuma dalilin a fili yake: ba ta cin wuri a ciki, ba ta tare hanya a waje, in an ɗaga ta gaban shago gaba ɗaya ya buɗe, mai wucewa ya ga kaya tun daga nesa.

To amma mun lura cewa mafi yawan masu shaguna abu biyu kawai suka sani game da ƙofarsu, wato kwaɗon da suke kullewa da shi da fentin da aka shafa mata. Mutum zai sayi kwaɗo mai tsada har guda uku, ya biya mai zane ya rubuta sunan shago da lambar waya da manyan baƙaƙe, amma a shekara biyar bai taɓa sa an buɗe akwatin da ke saman ƙofar an leƙa ba. Alhali kuwa a can cikin akwatin ne abin da ke riƙe da ƙofar yake, kuma ranar da ya gaza, ko dai shago ya ƙi buɗuwa a wuni ba ciniki, ko kuma ƙarfe ya faɗo kan wanda ke tsaye a ƙasa.

Nauyin da hannu ba ya ji

Jikin ƙofar fallayen ƙarfe ne dogaye, kowane an lanƙwasa bakinsa na sama da na ƙasa yadda zai sarƙe da ɗan uwansa, shi ya sa take iya naɗuwa kamar tabarma. Kaurin fallen yakan kama daga milimita 0.6 zuwa milimita 1 ko ɗan abin da ya fi haka. Idan muka ɗauki mai kaurin milimita 0.8, farantin ƙarfe shimfiɗaɗɗe mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi yana da nauyin kilo 6 da ɗoriya, in kuma aka lanƙwasa shi aka sarƙa, wannan fili yakan kai kilo 9 zuwa 10. Ke nan ƙofar shago mai faɗin mita 3 da tsayin mita 3, in aka haɗa da ƙarfen gindinta mai kauri, tana tsakanin kilo 80 zuwa 100. Ya kusa buhun siminti biyu.

Mai karatu zai tambaya, to yaya aka yi yaron shago ɗan shekara goma sha biyar yake ɗaga ta da hannu ɗaya? Amsar ita ce ba shi ke ɗaga ta ba, sifirin ne, wanda wasu masu gyara suke kira resor. A irin ƙofar da aka fi gani a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, akwai bututun ƙarfe da aka kafa a kwance daga bango zuwa bango, ba ya juyawa. A jikinsa an zura gwangwanaye masu kama da ganga guda biyu ko uku ko fiye, gwargwadon faɗin ƙofar, kuma a cikin kowane akwai siririn ƙarfe mai faɗi a naɗe, kamar wanda ke cikin mitar awo ta magina mai komawa gidanta da kanta in an sake ta. Bakinsa ɗaya yana maƙale da bututu, ɗayan yana maƙale da gwangwani. Akwai kuma wani samfurin, wanda sifirinsa waya ce mai kauri da aka murɗa kewaye da bututun. Duka biyun aikinsu ɗaya ne. Lokacin da aka ja ƙofa ƙasa, sifirin yana ƙara ɗaurewa yana tara ƙarfi. Lokacin da aka ɗaga, sai ya mayar da ƙarfin da ya tara, hannu ya ji kamar ba komi.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe a nan shi ne, a lokacin da ƙofa take rufe ne sifirin ya fi ɗaurewa, kuma a lokacin ne ya fi haɗari. Wanda ya hau tsani ya fara kwance noti a jikin bututu ko gwangwani alhali ƙofa na ƙasa, ya saki ƙarfin da ke iya ɗaga kilo 100 a gaban fuskarsa. Ta haka ne masu koyon sana'a suke rasa yatsu da haƙora, wani lokaci har ido. In kuwa ƙofar tana sama a naɗe, sifirin ya saki, amma nauyin duka yana bisa kan mai aiki, don haka dole a ɗaure naɗin da igiya mai ƙarfi ko a tokare shi kafin a taɓa wani abu. Gwanin gyara ba ya yin wannan aiki shi kaɗai, kuma ba ya barin kowa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo.

Sifirin yana da kwanaki ƙididdigaggu. Kamfanonin da ke ƙera sifirin ƙofa sukan auna rayuwarsa da yawan buɗewa da rufewa, kuma ma'aunin da aka saba ga wanda ba na musamman ba shi ne sau 10,000. Shagon da ake buɗewa sau biyu a rana, da safe da kuma bayan hutun rana, zai ci 730 a shekara, wato ya yi shekara 13 da wani abu. Amma a nan wurinmu mai shago yakan ja ƙofa in zai tafi masallaci, ya ja in zai je cin abinci, ya ja in iska ta taso da ƙura. Mai yin haka sau shida a rana ya cinye 10,000 ɗin kafin shekara biyar ta cika. Wannan lissafin ma na sabon sifirin ne mai kyau. Wanda aka ciro daga tsohuwar ƙofa aka wanke aka baza a kasuwa, mai saye ba shi da hanyar sanin nawa ya rage masa.

Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya bukatar ko dala. A ɗaga ƙofar zuwa daidai ƙirji, a sassauta hannu a hankali ba tare da an sa ƙafa ko kai a ƙarƙashinta ba. Lafiyayyar ƙofa za ta tsaya nan inda aka bar ta, ko ta ɗan motsa kaɗan. In ta sulale ƙasa, sifirin ya gaji ko ɗaya ya tsinke. In ta fizge ta yi sama da gudu har ta bugi akwati, an ɗaure shi fiye da kima. Haka nan in gefe ɗaya yana riga ɗaya tashi, ƙofar ta karkace tana cijewa, galibi sifirin gefen da ke baya ne ya mutu. Alamar da aka fi rainawa kuwa ita ce ta sanda: duk shagon da ka ga an tokare ƙofarsa da katako ko guntun ƙarfe don kada ta sauko, to sifirinsa ya daɗe da gazawa, kuma a ƙarƙashin wannan sandar mata da yara suke shiga suna fita duk yini.

Gyaran araha

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Sifirin ya tsinke da safe, mai shago na cikin sauri, sai a kira mai waldan da ya fi kusa, shi kuma ya haɗa bakin biyu ya ɗiga musu wuta, ƙofa ta tashi, kowa ya ji daɗi. Sai dai ƙarfen sifirin ba irin ƙarfen taga ko na gado ba ne. An gasa shi an sanyaya shi bisa wani ma'auni na musamman don ya riƙa lanƙwasuwa yana komawa yadda yake. Zafin walda yana rusa wannan hali: wurin da aka ɗiga yakan yi tauri ya zama mai saurin karyewa, gefensa kuma ya yi laushi. Zai iya ɗaukar kwanaki ko ƴan makonni, amma a nan zai sake tsinkewa, kuma ba ya sallama kafin ya tsinke. Araha dai ba ta ado.

Akwai wata dabara da wasu tsofaffin hannu suke yi in tsinkewar ta faru a daf da bakin da ke maƙale da bututu, inda ta fi yawan faruwa. Sukan gasa ɗan bakin kaɗai har ya yi laushi, su lanƙwasa sabon ƙugiya ko su huda sabon rami, su mayar. Wannan ya fi walda nesa ba kusa ba, amma ya rage tsawon sifirin, kuma sauran jikinsa tsoho ne mai gajiya. A ganinmu abin yi ne na fita kunyar yini ɗaya ko mako ɗaya kafin a samo sabo, bai kamata a karɓi kuɗinsa a matsayin gyara na dindindin ba.

In za a sauya, a sauya duka. Sifirin biyu da aka ɗaura rana ɗaya sun yi aiki iri ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan yana kan hanya. Haɗa sabo da tsoho yana sa gefe ɗaya ya fi ƙarfi, ƙofa ta riƙa tafiya a karkace tana cin bakin fallaye. Kuma ba kowane sifirin ya dace da kowace ƙofa ba, domin faɗinsa da kaurinsa da tsawonsa ana zaɓensu ne bisa nauyin ƙofar da tsayinta. Mai gyaran da ya zo bai auna ƙofa ba, bai duba kaurin falle ba, ya ce yana da sifirin a gareji zai ɗauko, to cacar sa'a zai yi da kuɗinka. In ya sa ƙarami, sai ya ƙara masa murɗi don ya rufe gazawarsa, sakamakon haka ƙofa ta yi nauyi a ƙasa ta yi fizga a sama.

Ƙura, baƙin mai da ruwan damina

A kowane gefe na ƙofar akwai ƙarfe mai kwari wanda bakin fallaye ke bi suna hawa suna sauka. In ƙofa ta fara kuka ko cijewa, abin da kusan kowa ke yi shi ne ya samo giris ko baƙin man da aka juye daga mota ya lafta a cikin kwarin. Kwana biyu ƙofa ta yi santsi. Daga nan hunturu ya shigo da ƙurarsa, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ga kuma rairayin titi da babura ke tayarwa, duk su manne a jikin man su zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Abin da kwarin ke so shi ne tsabta: a kankare tsohon mai, a goge da tsumma da ɗan kananzir, a share tsakuwa da ledar da ta taru a gindinsa, in ya zama dole a shafa mai marar kauri kaɗan. Giris wurinsa yana sama, a jikin sifirin da inda gwangwani ke juyawa, inda akwati ya kare shi daga ƙura.

Sau da yawa kuma cijewar ba ta rashin mai ba ce sam. Amalanke ko babur ya bugi kwarin ya matse bakinsa, ko kuma tun wajen gini ba a kafa shi a miƙe ba, ko sukurorin da ke riƙe da shi sun saki saboda bulon ba shi da isasshen siminti. Igiyar magina mai nauyi a ƙasa da mitar awo sun isa su nuna wannan: tazarar da ke tsakanin kwari biyu ta zama ɗaya a sama da tsakiya da ƙasa. Akwai kuma ƴan ƙananan ƙarafa da ake dannewa a bakin fallaye don hana su zamewa gefe. In suka fita, falle ɗaya ya leƙo ya riƙa karo da kwari, sai a yi ta dukan ƙofa da ƙafa ana zaginta.

Tsatsa daga ƙasa take farawa. Fallen kirki an lulluɓe shi da tutiya kamar kwanon rufi, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ya yi wa rajista tun 1837, kuma muddin lulluɓin yana nan ƙarfen ba ya tsatsa da wuri. Amma gindin ƙofa yana zaune cikin ruwan Yuli da Agusta, da ruwan wanke daɓe, da fitsarin dabbobi da dare, ga shi nan ne ake walda kunnuwan kwaɗo, wutar walda kuwa tana ƙone tutiyar. Duk inda aka yi walda a goge a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, kafin a shafa mai launi. Wanda zai yi sabon gini kuma ya ɗaga dokin ƙofa ya karkata shi waje don ruwa ya gangara titi.

Labari mai daɗi shi ne, lalacewar falle biyu ko uku ba ta sa a zubar da ƙofa. Fallayen zurawa aka yi, ana iya zare wanda mota ta buga ko tsatsa ta ci ta gefe, a zura sabo. Matsalar kawai ita ce lanƙwasar bakin falle ta bambanta daga wannan injin zuwa wancan, na wani ba ya shiga na wani. Shi ya sa muke ba duk mai sa sabuwar ƙofa shawara ya karɓi falle biyu ko uku na ajiya tun ranar, ya jingine su a bayan shago.

Daga ina kayan suke zuwa

Farantin ƙarfe da sifirin da injinan ƙofa duk daga waje ake shigo da su, ko dai ta tashar jiragen ruwa ko kuma ta iyakar Najeriya, sannan su bazu a wurare irin su kasuwar Katako ta Yamai inda ake samun sabo da tsoho gefe da gefe. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanya ya taɓa mai gyara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki da Benin da Najeriya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ba ta koma aiki ba a wannan shekarar, kaya suka koma biyowa daga Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. A irin wannan yanayi ne ake ganin jarabar rage kauri: a yi ciniki a kan falle mai 0.8, a kawo mai 0.6, bayan fenti ido ba ya bambancewa. Akwai ɗan ma'aunin kauri da masu sayar da ƙarfe suke da shi, mai saye yana da haƙƙin ya ce a auna a gabansa kafin a shafa fenti. Siririn falle a ƙofa mai faɗi shi ne wanda iskar farkon damina ke turawa ciki har ya fice daga kwarinsa, shi ne kuma wanda ɓarawo ke lanƙwasawa ba tare da ya kula da kwaɗo uku da ke ƙasa ba.

Manyan shaguna da kantunan magani da ɗakunan ajiya sun fara sa ƙofa mai injin lantarki. Ita ma injin ba ya maye gurbin sifirin a irin wadda aka fi sawa, taimaka masa yake yi, kuma in sifirin ya gaji injin ne zai ɗauki nauyin har ya ƙone. In aka danna aka ji yana gurnani bai juya ba, sau da yawa kwandansa ce ta mutu, irin wadda ke cikin fanka, ƙaramin abu mai sauƙin sauyawa, kada a yarda a ce sai sabon inji kafin a gwada ta. Abu mafi muhimmanci shi ne wayar sakin birki, wadda ke ba da dama a ɗaga ƙofa da hannu in babu wuta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, kuma da aka yanke ta a watan Agustan shekarar, kowa ya ga abin da ɗaukewar wuta na sa'o'i masu yawa ke nufi. Shagon da ba shi da wata ƙofa sai wannan, dole hannun sakin birkin ya kasance a waje cikin ɗan akwati mai makulli, kuma a riƙa gwada shi lokaci lokaci don kada ya ciza.

Gobara

Ƴan kasuwar Yamai ba sa bukatar a ba su labarin wuta. Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, wuta ta sake cin wani ɓangare nata a 2009, Ƙaramar Kasuwa kuma ta ƙone a 2012. Ƙofar naɗi ta shago an yi ta ne don ɓarawo, ba a yi ta don tare wuta ba. Ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa in zafi ya kai digiri 550 zuwa 600, fallaye su kumbura su cije a cikin kwari, ko an buɗe kwaɗo ba ta tashi, sai ƴan kwana-kwana sun yanka. Sifirin kuwa tun kafin a kai wannan zafin halinsa ya lalace, don haka ƙofar da wuta ta lasa, ko da ta yi kyau a ido bayan fenti, sai an sauya mata sifirin.

A nan dole mu faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Akwai masu kulle yaron shago ko mai gadi a ciki da dare, kwaɗo a waje, wai don tsaro, wani lokaci ma ga jarkokin man ruwa-ruwa ko tukunyar gas a cikin shagon. Mutumin da ke bayan irin wannan ƙofa ba shi da mafita in wuta ta tashi. Duk shagon da ake kwana a ciki yana bukatar ƙaramar ƙofa ta baya ko ta gefe wadda ake buɗewa daga ciki.

Shi kansa mai gyaran yana da nasa haɗarin bayan na sifirin. Farin hayaƙin da ke tashi in ana walda a kan ƙarfe mai tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da ɗacin baki bayan ƴan sa'o'i, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, yakan kuma wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. An saba cewa shan madara yana maganinsa, amma madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Abin da ke aiki shi ne a goge tutiyar daga wurin da za a ɗiga, a yi aikin a sarari inda iska ke kaɗawa. Baƙin tabarau na kasuwa shi ma ba ya tare hasken walda, sai gilashin da aka yi don aikin.

Ga mai shago kuma, lokacin da ya fi dacewa a kira mai gyara shi ne sau biyu a shekara, bayan hunturu don a fitar da ƙura, da kuma kafin saukar ruwan farko don a duba gindi da kwari da sukurori. A yi ciniki a kan abin da za a sauya dalla-dalla kafin a fara, a ce a nuna sabon sifirin kafin a ɗaura, a kuma ajiye maka tsohon da aka cire. In an gama, a yi gwajin ƙirji a gaban mai gyaran kafin a biya shi cikon kuɗinsa, sannan a sa ya rubuta wata da shekara da fenti a cikin murfin akwatin, yadda duk wanda ya buɗe shi nan gaba zai san shekarun sifirin da ke ciki.